Gado da Bashi: Sharhi a kan Littattafai Uku na Masu Tafiya Neman Gidan Kakanni

1. Gabatarwa

Littafin tafiya ba baƙon abu ba ne ga mai karatun Hausa. Tun cikin 1944 Alhaji Abubakar Imam ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda ya ba da labarin zuwan da ya yi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma cikin 1943. Daga baya kuma Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Amma waɗannan labaru ne na mutumin da ya bar gidansu ya tafi ganin ƙasar waɗansu, ya komo ya zauna cikin 'yan'uwansa yana faɗa musu abin da ya gano. Akwai wani irin littafin tafiya dabam, shi ne na mutumin da aka haifa a wata ƙasa, ya tashi yana jin tsofaffin gidansu suna ambaton wani gari a hayin teku, har rana ɗaya ya ɗaura niyya ya tafi neman garin nan. Shi irin wannan matafiyi, inda ya dosa nan ne a ke ce masa gida, nan ne kuwa bai san kowa ba.

Nufin wannan takarda shi ne a duba littattafai uku na irin wannan, waɗanda aka rubuta da Turanci. Na fari shi ne An Area of Darkness, watau yankin duhu, na V. S. Naipaul, wanda ya fito cikin 1964. Na biyu Roots, watau saiwoyi, na Alex Haley, cikin 1976. Na uku kuwa Dreams from My Father, watau mafarkan da na gada wajen ubana, na Barack Obama, cikin 1995. An zaɓe su ne domin tafiyar tasu iri ɗaya ce, amma guzurin da kowanne ya komo da shi dabam ya ke da na ɗan'uwansa.

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi ba mai wuyar ganewa ba ne. Kowa ya sani a shari'a ba a raba gado sai an biya bashin da ke kan mamaci. Mai neman gidan kakanni magaji ne: yana son suna, da salsala, da labarin da zai riƙe ya ce nasa ne. To, amma gadon nan yana tafe da bashi iri biyu. Akwai bashin gaskiya, watau marubuci ya auna labarin da aka ba shi kafin ya sa shi a takarda. Akwai kuma bashin zumunci, watau hakkin mutanen da ya tarar da rai a gidan, waɗanda su ma suna da abin da su ke bukata gare shi. Da waɗannan biyu za mu gwada kowane littafi.

2. Naipaul a Ƙauyen Kakansa

An haifi Naipaul a tsibirin Tirinidad cikin 1932. Tsakanin 1845 da 1917 Turawan Ingila sun kwashi mutanen Indiya fiye da 140,000 zuwa tsibirin nan don aikin ƙodago a gonakin rake, bayan da aka 'yanta bayi. Kakansa na wajen uwa yana cikinsu. Ya fito ne daga wani ƙauye na gabashin jihar Uttar Pradesh, daga zuriyar Birahman, watau gidan malamai na addinin Hindu. Ya yi arziki a Tirinidad, ya riƙa aika kuɗi gida, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koma Indiya, a can ya rasu. Jikan nasa ya tafi Ingila karatu cikin 1950, bai taka ƙasar Indiya ba sai cikin 1962, yana da shekara 29, ya yi kusan shekara guda yana zagaya ta.

Duk wanda ya karanta littafin zai shaida mutumin nan yana da kaifin ido. Tun daga shafukan farko, inda ya ba da labarin wahalar da ya sha a ofisoshin Bombai don ya karɓo kwalabe biyu da ma'aikatan kwastan suka riƙe masa, mai karatu zai ga marubucin da ba abin da ke wuce shi. Amma abin da ya fi tsorata shi ba takardun ofis ba ne. A Tirinidad an san shi Ba'indiye ne, a Ingila ma haka. Sai ga shi a titin Bombai ya nutse cikin taro, ba mai ko waiwayensa, don kowa kamarsa ya ke. Wanda ya saba a gane shi da kamanninsa, ran nan ya rasa abin da za a gane shi da shi. Daga wannan firgita ne zafin littafin ya samo asali. Ya yi ta zanen ƙazanta da talauci da wulaƙanci shafi bayan shafi, da irin fushin da mutum ba ya yi sai a kan abin da ya ke jin kunyar a ce nasa ne.

Babin da ya shafi batunmu yana can kusa da ƙarshe. Naipaul ya je ƙauyen kakansa tare da wani jami'in gwamnati da ke yi masa tafinta. Ya tarar da ɗakunan bauta waɗanda aka gina da kuɗin da kakan ya aiko, da gumaka irin waɗanda ya sani a gidan kakarsa a Tirinidad, da hotunan danginsa na can. Wata tsohuwa mai suna Jussodra, wadda ta zauna Tirinidad ta komo tare da kakan, ta zo tana kuka tana ba da tarihinsa. Aka kawo abinci, aka kawo ruwa, ya yi ta neman hanyar kauce musu. Bayan haka sai babban gidan, Ramachandra, wanda ba ya nan ranar, ya biyo shi har masauki, ramamme, ɗauke da shinkafar da aka noma a gonar kakan. Ashe yana da bukata: akwai shari'a a kan gonar, ana son kuɗi. Naipaul ya sake zuwa ƙauyen, ya ƙi shiga maganar, ya miƙe zai tafi. Wani yaro na gidan ya roƙa a rage masa hanya zuwa gari cikin motarsu, ya ce a'a. Da haka ziyarar ta ƙare.

In an zo ga bashin gaskiya, Naipaul ya biya shi har da ƙari. Ba wanda ya tilasta masa ya ambaci yaron nan. Da ya so, da ya rufe babin da hawayen Jussodra, mai karatu ya tashi da daɗin rai. Shi da kansa ya kira abin da ya yi mugunta marar dalili, ya ce gudu ya yi. Wannan tonon asirin kai shi ya sa babin ya ke da rai har yau. Amma bashin zumunci bai biya ko anini ba, kuma rashin biyan ya ɓata wani gefe na aikinsa. Mun ga ramar Ramachandra, mun ga nacinsa, ba mu taɓa jin dalilinsa ba. Gonar nan, ga Naipaul labarin kaka ce, ga Ramachandra kuwa tuwon dare ce. Marubucin da ya iya karanta zuciyar ma'aikacin ofis daga yadda ya ke riƙe takarda, ya kasa tsayawa minti biyar ya duba abin da idon ɗan'uwansa.

3. Haley da Maroƙin Jufure

Al'amarin Haley ya fi na Naipaul tsanani, gama kakannin Naipaul sun ƙetare teku da sunansu da addininsu, na Haley kuwa an ƙetarar da su a ɗaure, aka ƙwace musu har suna. An haife shi cikin 1921, ya yi ƙuruciyarsa a garin Henning na jihar Tenesi ta Amurka. A barandar gidan kakarsa Cynthia ya riƙa jin ta da 'yan'uwanta mata suna hirar wani kakansu na farko da su ke kira Ba'afirke, wanda ya ƙi sunan Toby da ubangijinsa ya laƙaba masa, ya ce shi Kinte ne. An kama shi ne ya fita saran itacen da zai yi ganga. Sun kuma riƙe 'yan kalmomi na harshensa, ciki har da sunan wani kogi. Haley ya yi shekara 20 yana aikin tsaron gaɓar teku, ya rubuta tarihin Malcolm X wanda ya fito cikin 1965, sa'an nan ya duƙufa kan neman asalin kalmomin nan. Masanin tarihi Jan Vansina ya nuna masa cewa sun yi kama da harshen Mandinka na Gambiya. Cikin 1967 ya isa ƙauyen Jufure a bakin kogin Gambiya, aka haɗa shi da wani tsoho, Kebba Kanji Fofana, wanda aka ce yana riƙe da salsalar gidan Kinte. Tsohon ya yi ta jero zuriya har ya iso kan Kunta, ɗan Omoro, wanda ya fita saran itace ba a sake ganinsa ba. Daga nan Haley ya bi takardun Landan da na Amurka ya tsaya kan wani jirgin bayi mai suna Lord Ligonier, wanda ya tashi daga Gambiya da bayi 140 ya isa Annapolis ran 29 ga Satumba 1767 da 98 a raye.

Labarin neman nan 'yan babobin ƙarshe kaɗai ya ci. Sauran littafin duka an gina shi ne kamar ƙagaggen labari, daga haihuwar Kunta cikin 1750 har zuriya bakwai. Nan ne ƙarfinsa ya ke, kuma ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Haley ya tsai da Kunta a gaban Amurkawa cikakken mutum, Musulmi, ɗan dangi, wanda aka raɗa wa suna aka yi masa kaciya aka sa shi makarantar allo, kafin kowa ya kira shi bawa. Babobin cikin jirgi ba a karanta su a ci abinci. Akwai kuma 'yar dabarar nan ta gora wadda Kunta ke jefa tsakuwa ɗaya a ciki duk sabon wata don kada ya manta shekarunsa. Da abu ƙarami irin wannan marubucin ya nuna yadda mutum ke riƙe kansa sa'ad da aka raba shi da kome. Littafin ya sami lambar Pulitzer ta musamman cikin 1977, aka mai da shi wasan talbijin na dare takwas a farkon shekaran nan, ya kuma sa baƙaƙen Amurka masu ɗimbin yawa suka tashi neman salsalarsu.

Amma fa Haley bai sayar da littafinsa da sunan ƙage ba. Ya ce ginshiƙan salsalar tabbatattu ne, zance da yanayi kaɗai ya ƙaga. A nan ne aka kama shi. Cikin 1977 ɗan jarida Mark Ottaway na jaridar Sunday Times ta Landan ya je Gambiya ya komo da bayanin cewa Fofana ba jali ne na gado ba, watau ba ya cikin maroƙan da aka hora tun suna yara kan riƙon salsala, kuma Haley ya riga ya bayyana wa mutane labarin da ya ke nema tun kafin a samo masa tsohon. Cikin 1981 masanin tarihi Donald Wright ya ƙarfafa wannan. A shekaran nan kuma Gary Mills da Elizabeth Shown Mills suka binciki takardun jihar Birjiniya, suka tarar da bawan nan Toby yana cikin dukiyar gidan Waller tun 1762, shekara biyar kafin jirgin ya iso. Jufure ɗin ma ba lungu ba ce wadda ba ta san Bature ba, kamar yadda littafin ya zana ta. Tana maƙwabtaka da Albareda, kasuwar Faransawa, da tsibirin James inda Ingilishi ke da ganuwa. Ban da wannan duka, Harold Courlander ya kai shi ƙara kan ya ɗebi wurare daga littafinsa The African na 1967, aka sasanta cikin 1978 bisa dala 650,000.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane abin da ya faru a Jufure. Mun san maroƙi. In baƙo mai hali ya sauka gari yana cigiyar kakansa, ya kuma riga ya faɗi sunan kakan da yadda ya ɓata, ba za a bar shi ya koma hannu banza ba. Ba lalle ne a kira wannan zamba ba. Wani lokaci karamci ne, mutanen gari sun ga bawan Allah da ƙishirwa sun ba shi abin da su ke da shi. Laifin yana ga wanda ya karɓa bai auna ba. An ce mai nema yana tare da samu, amma mai binciken tarihi ya kamata ya ji tsoro ranar da ya sami daidai abin da ya fito nema, ba ragi ba ƙari. Saboda haka hukuncinmu a kan Haley kishiyar na Naipaul ne. Bashin zumunci ya biya: ya rungumi mutanen da suka rungume shi, sunan Jufure ya zaga duniya, har cikin 2011 gwamnatin Gambiya ta sauya wa tsibirin James suna zuwa na Kunta Kinte. Bashin gaskiya kuwa yana nan a wuyan littafin. Da ya kira shi ƙagaggen labari tun farko, da ba wanda zai iya taɓa shi.

4. Obama da Littafin Boyi

An rubuta littafi na uku tun marubucinsa bai riƙe wani muƙamin siyasa ba, shekara 14 kafin ya zama shugaban Amurka cikin 2009. Ya kamata a karanta shi da wannan a zuci. An haife shi a Hawai cikin 1961, uwa Ba'amurkiya, uba ɗan ƙabilar Luwo ta Kenya. Uban ya bar su tun yana jariri, bai sake ganinsa ba sai sau ɗaya cikin 1971, ya kuma rasu cikin haɗarin mota a Nairobi cikin 1982. Kashi na uku na littafin shi ne labarin zuwan ɗan Kenya cikin 1988. 'Yar'ubansa Auma ta tarye shi a Nairobi, suka shiga jirgin ƙasa zuwa Kisumu, daga nan suka wuce gidan kakansu a ƙasar Alego.

Abin da ya tarar shi ne gado na gaske a gaban alƙali. Matan uban da 'ya'yansu da 'yan'uwansa suna jayayya a kotu kan ɗan abin da ya bari. Wata gwaggonsa a unguwar talakawa ta Mathare ta tuhume shi da mantawa da su, ta nemi kuɗi. Ya ba ta abin da ya sawwaƙa, ya fito ransa a jagule. Wata gwaggon kuma, Zeituni, ta ja masa kunne da misalin ubansa, wanda ya ɗauki kowa ɗan'uwa ya yi ta rabo har ya tsiyace, waɗanda suka ci nasa suka guje shi. Obama bai yi kamar ya warware matsalar ba. Ya bar ta a buɗe, ya nuna nauyinta ga mai bayarwa da mai karɓa duka, ya kuma bar kowace gwaggo ta faɗi hujjarta da bakinta. Wannan shi ne abin da Naipaul ya hana Ramachandra.

Zuciyar kashin nan ita ce ranar da Sarah, matar kakansa wadda ta reni ubansa, ta zauna ta ba da tarihin gidan. Kakan, Husaini Onyango, an haife shi cikin 1895. Yana cikin na farkon da suka je wurin Turawa a yankinsu, ya komo da riga da wando har ubansa ya juya masa baya, ya musulunta, ya yi aikin kuku a gidajen Turawa, ya bi wani hafsan Ingila zuwa Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya sha tsare a hannun masu mulkin mallaka, a gida kuwa mutum ne mai tsanani ƙwarai, har uwar uban Obama, Akumu, ta gudu ta bar 'ya'yanta. Da jikan ya tambaya ko akwai abin da kakan ya bari, sai aka ɗauko masa wani ɗan littafi na rajistar boyi-boyi wanda gwamnatin mulkin mallaka ta bayar bisa wata doka ta 1928, da zanen yatsun kakan a ciki, da albashinsa, da ra'ayin kowane Bature da ya yi wa aiki. Tare da shi akwai tarin wasiƙun da uban ya aika jami'o'in Amurka yana neman gurbin karatu.

Obama ya zo ne da hoton kaka jarumi mai tsaya wa Bature, aka miƙa masa littafin boyi. Bai ɓoye ba cewa munanan sunaye sun zo masa a rai a lokacin. Ƙarfin littafin yana nan: ya karɓi kakan da takarda ta ba shi, ya bar wanda ya ƙaga wa kansa. Takardar da aka yi don ƙasƙanta mutum ita ce ta zama shaidar da ta fi kowace tabbata a cikin littattafan nan uku.

Duk da haka akwai abin faɗi. Sarah da harshen Luwo ta yi magana, Auma ke fassarawa, amma a littafin labarin ya zubo shafi da shafi cikin Turanci mai santsi, ba tuntuɓe ba maimaici, yadda mai karatu ba zai iya raba muryar tsohuwa da ta tafinta da ta marubuci ba. Gaskiya ne ya faɗa a gabatarwa cewa zantukan cikin littafin kwatanci ne, ya kuma sauya waɗansu sunaye ya haɗe waɗansu mutane. Wannan ya fisshe shi daga ramin da Haley ya faɗa. Amma kukan da ya yi tsakanin kabarin uba da na kaka, da jawabin da ya biyo baya, sun ɗaure labarin tsaf fiye da yadda rigimar gidan ta yarda. Shari'ar gado ba ta mutu ba don jika ya yi kuka.

5. Komawa ga Tsofaffin Abokai

Akwai wani abu da bai kamata a bar Naipaul ba a ambata ba. Cikin tafiyarsa ta 1962 ya yi watanni a wani ƙaramin masauki mai suna Liward a tafkin Dal na Kashmir, wurin mai gidan, Butt, da baransa Aziz. Babobin nan su ne mafi sakin fuska a littafin. Ya buga musu takardun neman izni da keken rubutunsa, suka yi faɗa suka shirya, Aziz ya raka shi ziyarar kogon Amarnath a kan duwatsu. Amma ko a nan, ranar rabuwa, da Aziz ya zub da hawaye, Naipaul ya tafi yana shakkar ko na gaske ne.

Bayan shekara 27 ya koma, ya ba da labarin a littafinsa India: A Million Mutinies Now na 1990. Ya tarar da Butt da Aziz suna nan da rai, masaukin ya girma, tafkin ya cika da jama'a, ɗan Aziz ya zama saurayi mai ilmin zamani. Muryar marubucin ta sauya sarai. Ya zauna ya saurara, ya tambayi lafiyar iyali, ya kuma waiwayi saurayin da ya zo cikin 1962 ya gane cewa kunyar talaucin da ya kori kakanninsa ita ce ta rufe masa ido a wancan karo.

Abin lura a nan shi ne, ba a ƙauyen kakansa ya sami wannan kwanciyar rai ba; a wurin Musulmin Kashmir ya same ta, waɗanda ba jini tsakaninsa da su. Dalili kuwa a fili ya ke. Dangin kaka sun san shi ne da sunan wani, suna kallonsa suna ganin mamaci da dukiyar mamaci. Tsohon aboki kuwa shi kansa ya sani, ya ga fushinsa da rowarsa da alherinsa, ya kuma ajiye masa su shekara da shekaru. Da tsohuwar zuma a ke magani. Haley da Obama ba su da irin wannan babi, gama sun rubuta littattafansu ne a kan gamuwar farko, ita kuwa gamuwar farko kowa da rigar salla ya ke zuwa.

6. Abin da Ya Shafe Mu

In aka jera su, Naipaul ya fi su iya rubutu, Haley ya fi su tasiri, Obama ya fi su adalci ga waɗanda ya tarar. Wanda za a ba ɗalibi ya koyi yadda a ke wannan aiki shi ne na uku, sa'an nan a haɗa masa da babin Kashmir na 1990.

Maganar ba ta yi nisa da mu ba. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Fataken goro sun bar zuriya a Salaga da zangon Kumasi, mahajjatan ƙasa kuma sun bar tasu a kan hanya tun daga Chadi har Makka. Jikokin waɗannan suna zuwa Sakkwato da Kano da Katsina da Damagaram cigiyar gidajen kakanninsu, na nan kuma suna zuwa can. Da yawansu suna da abin da marubutan nan uku ba su da shi, watau harshe: ba su bukatar tafinta tsakaninsu da tsohuwar da ke ba da labari.

Wanda duk ya yi niyyar rubuta irin wannan tafiya da Hausa, ga abin da littattafan nan suka koya mana. Kada ya faɗi labarin da ya ke nema kafin ya ji wanda a ke da shi. Ya ji daga baki fiye da ɗaya, ya nemi tsofaffin mata musamman, gama a littattafan nan uku duka su ne suka riƙe tarihin: Jussodra, da Cynthia, da Sarah. Ya bambanta wa mai karatu abin da ya gani, da abin da aka faɗa masa, da abin da ya ƙaga. In an nemi wani abu gare shi, ko ya bayar ko ya hana, ya rubuta bukatar da hujjar mai ita. Sa'an nan, in Allah ya ba shi iko, ya sake komawa bayan shekaru kafin ya rufe littafin, gama zumunta a ƙafa ta ke, ba ta kuwa tabbata da zuwa ɗaya.